Koren Tambari

Shafi na 31

Masu turo mini saƙo wai na bar tsoho tsaye a bakin ƙofa har ƙafarsa ta yi sanyi, to ga shi zai shiga. Wanda ke cin abinci ya ture kwanon tukuna.

*

Malam Kalilu bai yi niyyar bi ta ƙofar baya ba. Motocin soja ne suka tare titin gaba, suna jiran ayarin da za su raka Assamakka, sai ɗan kabu-kabu ya zagaya da shi ta wajen da ake zubar da tumbi, ya sauke shi a bayan mayankar, ya yi gaba yana toshe hanci.

A nan ya ji muryarsa.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Tasa ce. Muryarsa ta da, kafin ciwon da ya shanye masa hannun dama ya karkata masa baki. Bai gama mamaki ba sai wata murya ta hau kan ƙarshen tasa.

"Malam, hularka za ta faɗi."

Sai ɗan busasshen tari.

Hansai ce. Matarsa, wadda shi da kansa ya sa a rami bara waccan.

Ya dafa bango. Kafin ya saki numfashi aka sake. Bismillahi, Allahu akbar. Malam, hularka za ta faɗi. Tari.

Ya tura ƙofar kwanon da kafaɗa.

Abin da ya fara tarbarsa wari ne, kuma ba warin mayanka ba. Mutumin da ya tsufa da wuƙa a hannu ya san warin sabon jini, yana da ɗumi kamar numfashi. Wannan kuwa warin bakin hanya ne, irin wanda ke bin motar dabbobin da ta taso daga Dannet a shekarar fari.

A saman wani dogon ƙarfe ga kamara tana kallon gabas da idonta ɗaya. Biron tambari, wato ofishin da ke Yamai, shi ya kafa ta. Tana sauraron bisimilla, ta gwada muryar da ta mai yankan da aka yi wa rajista, ta duba ko jini ya tsarto, ko dabba ta yi shure-shure. In duk sun cika sai ta kunna koriyar fitila, a buga wa nama tambarin halal. Nama marar tambari kuwa, daga kantin kamfanin ma'adinan da ya rage har ƙungiyar da ke ciyar da korarrun baƙin haure a Assamakka, can bakin iyaka, babu mai saye.

A ƙarƙashin kamarar wani mutum na durƙushe, ya ba ta baya, sanye da shuɗiyar rigar aikin Malam Kalilu da irin rawaninsa. A gabansa tunkiya ce kwance, ciki ya kumbura, ƙudaje sun yi mata kwalli. Ya ja wuƙa a wuyanta. Baƙin jini ya leƙo ya tsaya. Sai ya danna gwiwarsa a kan wani bido, 'yar jarkar roba, da ke ɓoye cikin rigar, jini ya biyo ta siririyar roba irin ta ƙarin ruwa a likita, ya yi tsartuwa har bango.

Ƙafar tunkiyar ta harba. Ta sake harbawa.

Malam Kalilu ya bi ƙafar da ido. Zaren ɗinkin buhu ne a ɗaure, an shafe shi da toka ya saje da siminti, ya bi ƙasa har bayan tano, gangar ruwa, inda wani dogon makiyayi ke tsugune yana ja, ya kau da kai kamar mai riƙe wa wani fitsari.

Fitila ta yi kore.

"Ta karɓa. Kawo ta gaba," in ji mai shuɗiyar riga. Ya juyo.

Zayyadu ne, mijin 'yarsa.

Wuƙar ta faɗi. Abin da Zayyadu ya fara yi shi ne tuɓe takalma. A tsakiyar jinin aro, da mushe a gabansa, bai manta cewa ba a tsayawa gaban suruki da takalmi ba.

"Baba, barka da isowa. Ai ta gaba muka ce a kawo ka."

"Na gani."

"An ajiye maka shayi a biro."

"Ina muryar ke fitowa?"

"Baba, mu je biro, nan akwai ƙazanta."

"Na ce ina take fitowa."

Idon Zayyadu ya zame wajen firigon sanyaya nama. Malam Kalilu ya ja ƙafarsa mai nauyi ya zagaya bayan firigo. A kan kujerar roba, da salula a hannu kusa da bakin lasifika, ga 'yarsa Zinatu zaune. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi.

'Yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna bai taɓa faɗinsa ba, kunyar ɗan fari ta mutanen Ader. "Ke" yake ce mata, in ta yi nisa ya ce "ke wagga".

"Ke."

"Baba."

"Wanga na yaushe ne?"

"Na Sallar layya ne." Muryarta ba ta fita sosai. "Ta ƙarshe da Inna. Da na ɗauke ka kana yanka rago."

Ya tuna. Ragon yana da baƙin kunne. Hansai na tsaye da kwanon sha, ciwon ƙirji ya riga ya fara cin ta, amma hularsa ce damuwarta.

"Kin ce don yara su gani."

"Don su na ɗauka. Wallahi lokacin don su ne."

"Mi ya hana ku cire uwarki a ciki?"

Zayyadu ne ya amsa daga inda yake tsugune. "Mun gwada, Baba. Maganarta ta hau kan akbar. In aka yanke ta, akbar ɗin na gutsurewa, na'ura ba ta karɓa."

"Allah sarki. Ashe da aikinta."



"Mace ta mutu, an wanke ta, an sallace ta. Ni ina can ina mata addu'a Allah ya ba ta hutu, ashe ku kun ɗauke ta aiki a gidan mushe."

"Baba, ba dukansu ne mushe ba."

"Nawa ne ba mushe ba?"

"Wadda ake ɗibar jininta, da ranta ake yanka ta."

"Madalla. Tunkiya guda ta yi wa garke shahada."

Shi abin da ya sani dabam ne. Da ciwon ya kama shi, Zayyadu ya zo har gida ya durƙusa ya ce a bar sunansa a rajista, mutanen Arlit da yankan Malam Kalilu suka saba, yara za su riƙa yanka yadda ya koya musu. Wata-wata a kawo shi biro, wata mata ta leƙo ta allo daga Yamai, ta ga fuskarsa, ta ji muryarsa, a mayar da shi gida. Bai taɓa tambaya ba. Mutum ba ya bin surukinsa da bincike.

Ya juya wajen makiyayin. "Akoli. Har da kai?"

Akoli ya miƙe, zaren na hannunsa har yanzu. Sun san juna tun kafin tawaye, tun yana kora raƙuma ba awaki ba.

"Malam, kar ka kalle ni haka. Kai ka san ni. Da, in akuya ya faɗi a hanya, ina sauka, ina juya shi gabas, ina yanka. Yana da rai. Halal ne ko ba halal ba?"

"Halal ne."

"To yanzu in na yanka a hanya, in na kawo, wannan mai ido ɗaya ya ce bai gani ba. Wuyan da aka riga aka yanka ba ya karɓa. Babu tambari, babu mai saye." Ya nuna tunkiyar da haɓa. "Wannan a bayan mota ya fara shure-shure, mun wuce rijiyar da ya ƙafe. Wuƙa yana aljihuna. Na sa hannu, direba ya ce kar ka ɓata wuyan. Na zauna ina kallo har ya gama. Yana kallona ina kallonsa."

Ya jefar da zaren.

"Ubana bai taɓa barin dabba ya mutu da wuƙa a jikinsa ba. Ni kullum. Na bar halal ya zama mushe don na'ura ya ce halal ne."

"Kai kana cin naman?"

"Allah ya kiyaye."

"Kai fa?" Ya dubi Zayyadu.

Zayyadu ya dubi siminti.

Sai wani abu ya faɗo wa Malam Kalilu. Tun rasuwar Hansai, kullum da azahar ake kawo masa kwano daga gidan Zinatu. Romo ne da tsoka, wani lokaci har da hanta, saboda likita ya ce yana son abin da zai ƙara masa jini. Yau da safe ma ɗumamensa ya sha.

"Ke. Kwanon da kike aiko mini."

"Daga ta jinin nake ɗibar maka, Baba."

"Kullum?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kullum?"

"In an samu mai rai."

Ya juya ya fuskanci magudanar da ke bin bango. Bai iya durƙusawa da sauri, sai aman ya biyo ta cikin rawani, ya ɓata masa gemu da gaban riga. Zinatu ta taso da buta. Ya ɗaga hannun da ke aiki ya tsayar da ita. Akoli ne ya karɓi butar ya zuba masa.

Zayyadu ya matso a gwiwa. Dama shi bakinsa bai taɓa rasa hanya ba, tun yana tallan katin waya a tashar Damagaram.

"Baba, ka saurare ni ko da minti ɗaya. Kamfanonin ma'adinan nan ɗaya ya rufe, ɗayan yana sallamar mutane. Ka ga Akokan ta ma'aikata yadda ta koma, gidaje babu ƙofofi. Ruwa bai sauka ba. Dabbar da ta iso Arlit da ƙafarta, a ɗaga mata tuta. In na ce sai mai rai, motar yau za ta tafi wayam. Mutanen nan na Assamakka a sahara aka zubar da su, da mata da jarirai. Kai malami ne, ka fi ni sani. Ai larura tana halatta mushe."

"Tana halattawa."

"To ka gani."

"Ga wanda ya san mushe ne. Ya ci yana ƙyama, ya ci kaɗan, ya nemi gafara. Kai ka buga masa kore, ya ci ya ƙoshi ya ce alhamdu lillahi. Ka sace masa har ƙyamar."

"Suna dafawa sosai a can, an ce—"

"Wa ya ce? Na'ura?"

"Ba wanda ya mutu, Baba."

"Wa ke ƙirga matattun Assamakka?"

Daga waje aka danna oda mai tsawo. Direban babbar motar firigo ne, soja sun fara gajiya da jira.

Sai ƙarar kira ta taso daga biro.

Zinatu ta dafe ƙirji. "Madam Fadimata ce. Lokacinta ya yi."

Madam Fadimata ita ce mai binciken da ke leƙowa daga Yamai. In ba ta ga Malam Kalilu ta ji bisimillarsa yau ba, rajistar ta mutu, tambarin da aka buga wa naman da ke cikin mota ya zama fenti.

"Baba," in ji Zayyadu, "kalma uku ce. Ka faɗa, mota ta tafi. Na rantse da Alƙur'ani daga gobe—"

"Kar ka taɓa shi da bakin nan."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki zaren da Akoli ya jefar, ya naɗe shi a yatsu, ya sa a aljihu. Zinatu ta gani. Ta sha gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, kafin ka shiga. Mayankar nan ba da sunansa take ba."

"Da sunan wa?"

"Tallafin na mata ne. Sai mace suke ba kamara. Yatsana ne a rajista, salulata ce ke aika komai. In ka faɗa, ba shi jandarma za su ɗauka ba. Ni ce."

Malam Kalilu ya dubi surukinsa. Kallo mai tsawo.

"Rigata a jikinka. Muryar matata a bakinka. Wuyan ɗiyata a igiya. Kai mi ka kawo naka a sana'ar nan?"

"Baba, ni ne na—"

"Gwiwa. Na ga gwiwar. Tana danna bido da kyau."

Kiran ya katse, ya sake tasowa.

Biron ɗan ɗaki ne mai fanka da hoton Ka'aba, an fesa turare har yana shaƙe mutum. Suka zaunar da shi gaban allo. Zinatu ta warware ɓataccen rawanin, ta juya shi, ta naɗa masa ta wajen da bai jiƙe ba, ta ja shi ya rufe karkataccen bakin kamar yadda ya saba. Ya dubi hannunta. Hannun uwarta ne sak, har ɗan lanƙwasar ƙaramin yatsa. Ya kau da ido.

Zayyadu ya cire shuɗiyar rigar ya cusa a bayan ƙofa, ya zauna a ƙasa gefen tebur inda kamara ba ta kaiwa. Salular na hannunsa.

Allo ya buɗe. Mace ce mai tabarau, da kofi a gabanta, bayanta labule fari tas.

"Salamu alaikum, Malam Kalilu. Ina gajiya? Yaya zafin Arlit?"

"Alhamdu lillahi."

"Na ga aikin watan nan. Ko ja ɗaya babu. Da duk mayankun ƙasar nan irin taku ne da na huta. Har misali nake ba da ku a taro."

"Allah sarki."

"To, kamar kullum. A yi mini bisimillar yanka in gwada da ta na'ura."

Malam Kalilu ya yi shiru.

Ya ji zaren a aljihunsa, ya ji numfashin 'yarsa a bayan wuyansa. Kalmomin nan ya faɗe su a kan wuyan dabbobin da ba su ƙirguwa, bai taɓa jin nauyinsu ba. Yau sun tsaya masa a maƙoshi tare da ɗacin romo.

"Malam? Ko rezo ne ya yanke?"



A ƙarƙashin tebur babban yatsan Zayyadu ya motsa.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Rawani ya rufe bakin, babu mai ganin ko ya motsa.

"Malam, hularka za ta faɗi." Tari.

Wani ɗan kore ya haska a gefen allon. Madam Fadimata ta yi dariya, ta ajiye kofinta.

"Ta karɓa. Kai, Hajiya da hular nan. Kullum in na buɗe aikinku sai na ji ta, har yaran biro sun haddace. In wani ya yi sakaci sai su ce masa hularka za ta faɗi." Ta gyara tabarau. "Ashe yau tana kusa. A ba ni ita mu gaisa mana. Kuma tarin nan nata ya daɗe, Malam, a kai ta likita."

Zayyadu ya ɗago kai daga ƙasa, ya dubi matarsa, ya yi mata alama da gira.

Malam Kalilu ya ji motsi a bayansa. Ta gefen allo ya ga 'yarsa ta jawo mayafi ya rufe mata goshi da haɓa, ta ranƙwafar da kafaɗa irin ta tsofaffi. Ta matso. Ta kai hannu baki.

Ta yi tarin. Busasshe, gajere, irin na uwarta. Har ta iya shi.

"Zinatu."

Ta daskare. Zayyadu ma ya saki baki. Akoli da ke tsaye a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, don ko shi ya san abin da ake nufi in mutumin Ader ya kira 'yar farinsa da suna.

"Zinatu, koma baya."

"Baba," ta ce can ƙasa, "yarana."

"Koma."

Ya sa hannun hagu ya ja rawanin ƙasa. Karkataccen bakin ya fito, da gemun da bai gama bushewa ba. Ya laluba aljihu, ya ciro zaren mai toka da jini, ya ɗora a kan tebur daidai idon kamara.

"Madam."

"Na'am, Malam. Mene ne wannan?"

Muryar da ta fito ba ta cikin salula ba ce. Mai nauyi ce, tana jan harshe.

"Hansai tana kushewa tun bara waccan. Hannuna kuwa ko cokali ba ya riƙewa."

Murmushin Madam Fadimata ya tsaya a inda yake. A waje direba ya sake danna oda, aka ji motocin soja sun tayar.

Ta cire tabarau a hankali.

"To Malam, wa ke yanka?"